Narkewa da Kwancewa a Harshen Japananci



Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Harshe ma haka yake, gama abin da ya dami mutanen ƙasa shi ne suke yawaita wa sunaye, su rarrabe shi filla-filla. Laccar yau ta ɗauki kalma guda daga harshen Japananci, watau kalmar da suke faɗin narkewa da ita, domin a bi ta daga bakin manomi zuwa alƙalamin hukuma, a ga irin nauyin da ƙaramar kalma take iya ɗauka. Za a riƙa jingina bayanin da Hausa a inda hakan zai sauƙaƙa fahimta. Layin da za a gani a kan wasu wasula, kamar ō da ū, alama ce ta dogon wasali.

1. Ƙasar da ƙanƙara take rufewa

Japan ƙasa ce ta tsibirai, manyan cikinsu huɗu ne: Hokkaido, Honshu, Shikoku da Kyushu. In hunturu ya kama, iska mai tsananin sanyi takan taso daga Saibiriya, ta ratso Tekun Japan ta kwaso danshi, sa'an nan ta yi karo da duwatsun da suka raba tsibirin Honshu gida biyu, ta sauke kayanta a gefen da ke fuskantar tekun. Wannan yanki shi suke kira yukiguni, watau ƙasar dusar ƙanƙara, kuma shi ne sunan littafin Kawabata Yasunari, marubucin da ya sami kyautar Nobel a 1968. A watan Fabrairu na 1927 an auna dusar ƙanƙarar da ta taru a kan dutsen Ibuki, aka sami zurfinta mita 11 da santimita 82. A 1962 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman domin yankunan da dusar ke yi wa yawa, yankunan da dokar ta shafa kuwa sun kai kimanin rabin faɗin ƙasar.

Ga mutanen irin wannan wuri, ranar da dusa ta fara saki babbar rana ce. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu shi ne ke cika fadamun shinkafa na jihar Niigata da maƙwabtanta. Shi ne kuma, in ɗumi ya zo da gaggawa, yake kawo ambaliya da zabtarewar dusa, har hukumar kula da yanayi ta ƙasar tana da gargaɗi na musamman da take fitarwa saboda narkewar dusa. A birnin Nagaoka, tun 1961 aka fara binne bututu a tsakiyar titi mai yayyafa ruwan rijiya, wanda ya fi iskar waje ɗumi, domin ya narkar da dusa motoci su wuce. Mutanen da rayuwarsu ta rataya a kan wannan al'amari ba za a yi mamaki ba in sun yi masa kalmomi da yawa.

2. Saiwa ɗaya, rassa uku

Tushen maganar duka saiwa ce guda, tok-. Daga gare ta aka sami aikatau uku: toku, tokeru da tokasu. Masana nahawun Japananci sun raba aikatau gida biyu, jidōshi da tadōshi, waɗanda suka yi daidai da abin da ake kira ƙi-karɓau da so-karɓau a nahawun Hausa. Tokeru ƙi-karɓau ne, abu ne ke narkewa da kansa. Tokasu da toku so-karɓau ne, akwai wanda ya yi aikin. Harafin ga yana bin aikau, harafin o yana bin karɓau, aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa:

Kōri ga tokeru: ƙanƙara tana narkewa.
Kōri o tokasu: a narkar da ƙanƙara.
Satō ga mizu ni tokeru: sukari yana narkewa a ruwa.
Tamago o toku: a kaɗa ƙwai.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Tun 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa giredi bakwai, ya nuna yadda saiwa guda take canza ma'ana da canjin ƙarshenta. Dangantakar narke da narkar ita ce ta tokeru da tokasu, dangantakar warware da warwaru kuwa ita ce ta toku da tokeru. Har ma ɗan ruɗanin da ke cikin warwaru, wanda yakan nufi abu ya saki ko kuma yana yiwuwa a warware shi, akwai shi cikin tokeru, domin mondai ga tokeru yakan nufi matsala ta warwaru, yakan kuma nufi mutum zai iya warware ta.

Wannan misali na ƙarshe shi ne mabuɗin laccar. Asalin ma'anar tok- ita ce sakin abin da ya ɗaure ko ya dunƙule. Saboda haka Bajapane yakan ce himo ga tokeru, igiya ta kwance. Nazo o toku, a warware kacici-kacici. Kami o tokasu, a taje gashi. Gokai ga tokeru, rashin fahimta ya gushe. Inda Bahaushe yake da narke da kwance da warware da taje da dama da kaɗa, kowace da gurbinta, Bajapane saiwa guda ya riƙe. A wurinsa ƙanƙara ruwa ne da sanyi ya ƙulle, narkewarta kuwa kwancewar ƙullin ne.

3. Baki ya haɗa, alƙalami ya raba

Japanawa sun aro rubutu daga Sinawa, ya iso gare su ta hanyar Koriya wajen ƙarni na 5. Haruffan, da suke kira kanji, kowane yana ɗauke da ma'ana, ba sauti kaɗai ba. To, Sinanci ya rarrabe abubuwan da tsohon Japananci ya haɗa, saboda haka sai kalmar tokeru guda ta sami riguna da yawa a rubuce, ko da yake a baki ba a jin wani bambanci.

Na farko shi ne 溶, wanda ke da alamar ruwa a gefen hagu. Da shi ake rubuta narkewar gishiri ko sukari cikin ruwa, da komawar daskararren abu ruwa-ruwa. Na biyu shi ne 解, wanda aka gina da ƙananan haruffa uku, ƙaho da wuƙa da sa. Hoton aikin mahauci ke nan, yana raba gaɓa da gaɓa, don haka shi ne harafin kwancewa da warwarewa. Na uku shi ne 融, wanda ke nufin narkewa har abu ya gauraya da wani, ya gudana ba tangarɗa. Sai kuma 熔 mai alamar wuta da 鎔 mai alamar ƙarfe, waɗanda aikinsu na maƙera ne, watau narkar da tama ko tagulla.

Nan fa aka sami abin jayayya. Dusar ƙanƙara in ta narke, ruwa ta zama ko kuwa ƙulli ne ya kwance? Mai rubutu tilas ya zaɓi harafi, kuma zaɓinsa yana nuna yadda yake kallon abin. Wanda ya ƙi shiga rigimar yana da mafita, sai ya rubuta kalmar da hiragana, haruffan sauti da Japanawa suka ƙirƙira a wajen ƙarni na 9, waɗanda ba su nuna kome sai furuci.

4. Hannun hukuma

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Japan ta tashi rage yawan haruffa domin karatu ya yi sauƙi. A 1946 ta fitar da jerin haruffa 1,850 na amfanin yau da kullum. Haruffan maƙera, mai wuta da mai ƙarfe, ba su shiga jerin ba. A 1956 majalisar kula da harshe ta ba da shawarar a riƙa maye gurbin irin waɗannan da wasu masu furuci iri ɗaya. Ta haka ne harafi mai alamar ruwa ya gaji aikin mai alamar wuta, har yau ana rubuta yōsetsu, walda, da yōgan, narkakken dutsen da aman wuta ke fitarwa, da harafin da ke ɗauke da ruwa a gefensa. An sake jerin a 1981 ya zama haruffa 1,945, aka kuma sake shi a 2010 ya kai 2,136.

Maganar dusa kuwa, a 2014 majalisar da ke ba hukumar al'adu shawara ta fitar da jagora kan kalmomi masu furuci ɗaya da haruffa daban. Ta ce in ana nufin dusa ko ƙanƙara ta koma ruwa, a sa 溶. In kuwa ana kallonta a matsayin abin da ya ƙulle ya saki, ana iya sa 解. Kalmar yukidoke kuma, watau lokacin sakin dusa, da 解 ake rubuta ta. Jaridu da yawa sun saba sa 解 ga dusa da ƙanƙara. Abin lura shi ne hukuma ba ta kashe ɗaya ta raya ɗaya ba, ta bayyana dalilin kowanne ta bar wa marubuci zaɓi. Wanda ya san irin muhawarar da aka sha a kan daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa zai gane amfanin irin wannan sassauci.

5. Kalmomin ɗakin gwaji da na ofis

Kanji da yawa suna da furuci iri biyu, na gida da na aro daga Sinanci. A furucin aro 溶 shi ne yō, 解 shi ne kai, 融 kuma yū. Da waɗannan ake gina kalmomin ilmi da na mulki, kamar yadda Hausa take komawa ga Larabci in ta zo maganar shari'a da hukunci da hujja. A nan ne masanin kimiyya ya raba abin da mutumin gida ya haɗa. Yūkai shi ne komawar daskararre ruwa saboda zafi, kamar ƙanƙara a digiri 0 na ma'aunin Salsiyos ko baƙin ƙarfe a digiri 1,538. Wannan mataki na zafi shi ake kira yūten. Yōkai kuwa shi ne ɓacewar abu cikin ruwa, kamar gishiri a tukunyar miya. Al'amura biyu ne daban a kimiyya, amma tokeru ta gida ta rufe su duka, kamar yadda narke ta rufe su a Hausa. Malamin da ke koyar da kimiyya da Hausa yana fuskantar matsalar da Japanawa suka warware ta hanyar aro.

Kaitō, wadda aka haɗa daga kwancewa da daskarewa, ita ce fitar da kifi ko nama daga firiza a bar shi ya saki. Da kwamfuta ta zo sai aka ɗora wa kalmar sabon aiki, ta zama buɗe fayil ɗin da aka matse. Akwai kuma wata kaitō mai furuci iri ɗaya da ke nufin amsar tambayar jarrabawa, sai a rubuce ake bambanta su.

Ma'aikacin gwamnati zai tarar da harafin mahauci ya cika takardun ofis. Kaiketsu ita ce warware matsala, kaisan rushe majalisa, kaiko sallamar ma'aikaci, kaikin ɗage takunkumi, wakai sulhu, rikai kuwa fahimta. In hukuma ta hana taɓa kuɗin da ke asusun wani, sai a ce ta yi tōketsu, ta daskarar da shi. In ta sake shi a ce kaijo. Harkar kuɗi kanta sunanta kin'yū, an haɗa harafin zinariya da harafin 融, watau kuɗi mai gudana daga hannu zuwa hannu, rancen banki kuma yūshi.

6. Amsa-kama

Japananci, kamar Hausa, harshe ne mai arzikin amsa-kama. Torotoro tana siffanta abin da ya narke ya yi laushi mai daɗi, kamar zuma ko naman da ya dahu luguf. Dorodoro tana siffanta narkewa mai kauri da caɓi, kamar laka ko kwalta a rana, har akan yi amfani da ita ga zaman da ƙiyayya da munafunci suka dagula. Bambancinsu harafi guda ne, t da d, kuma wannan ƙa'ida ce a harshen: baƙi mai ziza yakan kawo nauyi da kaushi, marar ziza yakan kawo sauƙi da tsabta. Dangin torotoro ne aikatau torokeru, wanda ake faɗa ga cuku a kan wuta, da abinci mai narkewa a baki, da kuma zuciyar da sha'awa ta rinjaya.

7. Zuciya, waƙa da siyasa

Tun da daskarewa ƙulli ce, sai ta zama hoton duk abin da ya tsaya tsakanin mutum da mutum. Uchitokeru shi ne baƙi biyu su saki jiki da juna. Tokekomu shi ne sabon zuwa ya saje da mutanen gari ko abokan aiki. Hyōkai, sakin ƙanƙara, ita ce gushewar zargi ko shakka baki ɗaya. Mai fassara ya yi hattara a nan. A Hausa sanyi abin so ne, gama ana cewa zuciya ta yi sanyi, fushi ya huce, wane mai sanyin hali ne. A Japananci kuwa tsumetai hito, mutum mai sanyi, shi ne marar tausayi. Wanda ya juya kalmar kai tsaye zai yabi wanda aka zaga.

Tsohuwar kalandar da Japanawa suka aro daga Sin, suka gyara ta a ƙarni na 17 ta dace da yanayinsu, ta kasa shekara kashi 72, kowane kashi kimanin kwana biyar. Kashin farko, wanda ke farawa wajen 4 ga Fabrairu, sunansa yana nufin iskar gabas ta kwance ƙanƙara, kuma haruffansa biyu na ƙarshe su ne dai na kaitō ɗin firiza. A Kokinshū, kundin waƙoƙin da aka tara da umarnin sarki wajen shekarar 905, waƙa ta biyu, ta Ki no Tsurayuki, a kan wannan sakin ƙanƙara take. A gajeruwar waƙar haiku, wadda al'ada ta tanadi a sa mata kalma mai nuna lokacin shekara, yukidoke tana cikin kalmomin haru, watau lokacin ɗumi da tohon da ke bin hunturu. Akwai kuma labarin da ake yawan bayarwa a ƙasar, na malamin da ya tambayi yara abin da ƙanƙara take zama in ta narke. Yara suka ce ruwa, yaro ɗaya ya ce haru. Nahawu yana bayan yaron, domin jimlar tana ɗaukar amsoshin biyu, kuma su ne ma'anonin nan biyu da 溶 da 解 suka raba.

Siyasa ma ta ari kalmar. Bayan mutuwar Stalin a 1953, marubucin Rasha Ilya Ehrenburg ya fitar da littafi a 1954 mai suna Ottepel, watau sakin sanyi, sunan kuwa ya zama laƙabin sassaucin zamanin Khrushchev. Japanawa sun fassara shi da yukidoke. Jaridunsu suna amfani da wannan kalma duk sa'ad da ƙasashe biyu masu gaba suka fara sassauta wa juna.

8. Kalmar da aka hana faɗi

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9 ta auku a gabashin Japan, igiyar teku ta biyo bayanta ta mamaye tashar lantarki ta nukiliya ta Fukushima Daiichi. Wuta ta yanke, injinan sanyaya suka tsaya, makamashin da ke cikin tukwane uku ya yi zafi har ya narke, abin da ke bukatar zafin kimanin digiri 2,800. Japananci yana da sunan wannan masifa, roshin yōyū, narkewar cikin tukunya, yana kuma da na aro daga Turanci, merutodaun. Amma kamfanin da ke da tashar, TEPCO, sai ya riƙa cewa roshin sonshō, watau lalacewar cikin tukunya. Bai amsa cewa an sami narkewa ba sai a watan Mayu, bayan wata biyu.

A watan Fabrairu na 2016 kamfanin ya bayyana cewa tun kafin hatsarin yana da littafin ƙa'idojin aiki da ya ce in lalacewar ta wuce kashi 5 cikin 100 to narkewa ce, kuma da an bi shi da an faɗi kalmar cikin kwanakin farko. A watan Yuni na wannan shekara kwamitin bincike ya ce shugaban kamfanin na lokacin hatsarin ya ba da umarnin kada a yi amfani da kalmar roshin yōyū. Shugaban kamfanin na 2016, Hirose Naomi, ya fito ya nemi gafara, ya amsa cewa ɓoye gaskiya ne.

A nahawu ba a yi ƙarya ba, gama abin da ya narke lalle ya lalace. Amma lalacewa kalma ce mai faɗi, tana ɗaukar tsaga ƙarama tana ɗaukar rugujewa, mai ji kuma yakan ɗauki mafi sauƙi. Narkewa kuwa ba ta da ƙarama, kuma ba a gyara ta. Mutanen da ke shawarar ko su kwashe 'ya'yansu su bar gari suna da hakkin jin kalmar da ta dace da girman abin. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Wadda aka riƙe a lokacin da ake bukatarta ma takan bar ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin amanar da ta zube tsakanin hukuma da jama'a ta fi wuyar mayarwa.

9. Kammalawa

An ga yadda saiwa guda ta Japananci ta haɗa narkewa da kwancewa, yadda haruffan Sinanci suka raba su a takarda, da yadda hukuma ta shiga tsakani daga 1946 zuwa 2014. Ga ɗalibin harshe, darasin shi ne kada ya yarda da ƙamus mai ba da kalma ɗaya a madadin kalma ɗaya. Tokeru narke ce a tukunya, kwance ce a igiya, warwaru ce a lissafi, huce ce a fushi, kuma sai an ga jimla ake sanin wadda ake nufi. Ga masu ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa, akwai aiki a gaba na raba narkewar zafi da narkewar ruwa ta yadda yaron firamare zai gane. Ga ma'aikacin da ke rubuta sanarwa kuwa, ko fassara ta, labarin Fukushima ya isa misali. In madatsar ruwa ta fashe kada a rubuta cewa ta sami matsala, in annoba ta ɓarke kada a kira ta rashin lafiya, domin da kalmar da ke kan takardar ne mai karatu zai yanke shawarar abin da zai yi da iyalinsa.